Babi na Shida: Igiya da Turke

Duk wanda ya taɓa ɗaure akuya a turke a bakin gona ya ga yadda da'ira take fitowa ba tare da an zana ta ba. Da hantsi ciyawa ce ko'ina, kafin la'asar akuyar ta cinye duk abin da bakinta ya kai, ta bar wani fili zagayayye wanda ta kowane gefe nisansa da turken ɗaya ne, wato tsawon igiyar. Magini a ƙauyukan Buza da Keita haka yake yi in zai aza harsashin ɗaki ko gindin rumbu: ya kafa tsinke, ya ɗaura masa igiya, ya ja ta ta miƙe, ya zagaya yana shata ƙasa. Wannan shatin shi ne ma'anar da'ira da Iƙlidis ya rubuta a Iskandariya wajen shekara 300 kafin haihuwar Annabi Isa, kuma ita ce ake bai wa ɗan maginin a lakwal da Faransanci ya haddace. Yaron yakan haddace tsaf, ya mayar wa mushe ita a takardar jarrabawa, ya taso ya wuce akuyarsu a turke bai san cewa abin da ya rubuta ne yake kallo ba. Maganar wannan babi ke nan. Aikin mai yaɗa lissafi ga jama'a shi ne ya ɗinke wannan ɓaraka, ya fara daga abin da hannun mutane ya riga ya iya, ya yi ta tambayar "don me?" har a kai ga hujja. Akwai mutumin da ya ƙarar da rayuwarsa a kan wannan aiki a Afirka, kuma tarihinsa ya isa a auna maganar da shi.

Sunansa Paulus Gerdes. An haife shi a Holan a 1952, ya karanta lissafi a jami'ar Nijmegen, ya kuma tsoma baki a nazarin al'adun al'umma. A 1976 ya sauka Mozambik, shekara guda bayan ƙasar ta karɓi mulkin kanta daga Fotugal. Turawan mulki sun kwashe nasu sun tafi, makarantu sun cika da yara, malaman lissafi kuwa sai a ƙirga su da yatsu. Aka ba shi aikin horar da sababbin malamai a Jami'ar Eduardo Mondlane da ke Maputo, a nan ya ci karo da abin da ya juya masa alƙibla. Ɗalibansa ƴaƴan manoma ne da masunta da masaƙa, amma a ransu lissafi kayan Turawa ne da aka shigo da shi a jirgi, babu abin da ya haɗa shi da gidajen iyayensu. Gerdes ya ɗauki wannan a matsayin kuskuren da za a iya warwarewa da shaida. Ya shiga kasuwanni da ƙauyuka yana duba kwanduna da tabarmi da tarkon kifi da yadda ake shata gida, yana tambayar kansa wane tunani ne ya sa siffar ta fito haka. Ya kira abin da ya gano daskararren lissafi: wani ne can baya ya yi tunani ya gano dabarar, na bayansa suka gaji aikin hannun, tunanin ya daskare a cikin kayan, aikin malami shi ne ya narkar da shi. Ya zama ɗan ƙasar Mozambik, ya shugabanci babbar makarantar horon malamai ta ƙasar daga 1989 zuwa 1996, ya kuma riƙe kwamitin tarihin lissafi na Ƙungiyar Masana Lissafi ta Afirka tun kafa kwamitin a 1986. Littafinsa Geometry from Africa ya fito a Amurka a 1999. Ya rasu a watan Nuwamba na 2014.

Misali ɗaya ya isa ya nuna irin aikinsa. Mutanen Cokwe na arewa maso gabashin Angola suna da wani zanen yashi da suke kira sona, wanda dattawa ke yi suna ba da tatsuniya. Mai zanen yakan fara da ɗige-ɗige a jere da kan yatsu, sa'an nan ya ja layi ɗaya yana karkacewa tsakaninsu, in ya kai gefe ya juyo, har ya kewaye kowane ɗigo ya komo inda ya fara bai ɗaga yatsa ba. Gwaninta ita ce a gama da layi guda. Gerdes ya lura cewa a zanen da ya yi kama da saƙar tabarma, masu zanen sun fi son jeri irin 3 da 4, ko 5 da 6. Dalilin na lissafi ne zalla. In ɗigon jeri 3 ne sau 4, layi ɗaya zai gama da su. In 4 ne sau 6, ko ka kwana kana yi sai ka ja layi biyu. In 3 ne sau 3, sai uku. Adadin layukan shi ne babbar lambar da take raba tsawon da faɗin ba saura, abin da ake wahalar da yaran kwaleji da shi a allo da haruffan PGCD. Daga nan Gerdes ya wuce abin da Cokwe suka zana, ya fitar da wani sabon jinsin zane da ya raɗa wa sunan yankin Lunda, ya rubuta ƙa'idojinsa a mujallun masana. Wannan ne ya raba shi da mai tara kayan tarihi. Ya ɗauki zanen dattawan ƙauye da muhimmancin da ake ɗaukar rubutun Girkawa, wato abin da za a iya ɗorawa a kansa.

To, me zai samu da ƙasar Adar ya sauka? Abin farko da zai tsayar da shi shi ne faƙo da gangaren duwatsun Keita. Bayan farin da ya ci dabbobi da amfanin gona, a 1984 aka buɗe babban aikin farfaɗo da ƙasa a Keita da kuɗin Italiya, tare da hukumar FAO da ta abinci ta PAM, kuma mata ne suka fi yawa a masu ɗaukar dutse da haƙa. Duk ginshiƙin aikin yana kan abu guda: a gano layin da tsayin ƙasa yake ɗaya a jikin gangare, a jera dutse ko a haƙa rami a kansa, don ruwan sama ya tsaya ya nutse maimakon ya kwashe ƙasa ya yi kwari da ita. Kayan awon kuwa tiyo ne mai haske da aka cika da ruwa, da sanduna biyu masu alama. Mutum biyu su riƙe bakin tiyon a jikin sandunan, ɗaya ya yi ta matsawa sama da ƙasa har ruwan ya tsaya a alama ɗaya a duka biyun, sai a kafa tsinke. Wannan layi shi ne wanda masu taswira suke zana tsaunuka da shi. Sai kuma rabin wata, ramin da yanzu ya bazu a jihar Tawa. A tsarin da aka fi bi a gonaki, bakinsa mita 4 ne, a bar mita 4 kafin na kusa da shi, a bar mita 4 kafin jeri na gaba, a kuma saɓa su yadda ruwan da ya zille tsakanin biyu na sama zai faɗa bakin na ƙasa. Kowane rami yana da rabon murabba'in mita 32, shi ya sa hekta take cin 313. Cikin ramin kansa bai wuce murabba'in mita 6 da ɗan ɗori ba. Ko da rabin ruwan da ya sauka a sauran filin ne ya gangaro, hatsin da ke ciki ya sha kamar ninki uku na abin da sama ta zubo masa kai tsaye. Ga faɗin da'ira, ga rabo, ga ninki, duk a rami ɗaya da macen da ba ta taɓa zama a aji ba take shatawa da igiya mai mita 2. Ya kamata a faɗi gaskiya, rabin wata ba gadon kaka da kakanni ba ne, masu aikin raya ƙasa ne suka yaɗa shi. Wannan bai rage komai ba. Abin da ake nema shi ne abin da yaro ya saba gani a hannun uwarsa, tsohon abu ne ko sabo.

A kwarin Majiya kuma, tun 1975 ƙungiyar CARE da ma'aikatan gandun daji suka fara dasa dogon yaro jeri bibbiyu, tsakanin kowane shinge da na gaba kimanin mita 100, an gicciya su a gaban iskar gabas. Layuka ne da ba sa haɗuwa, masu tsayuwa daidai a kan hanyar iska, kuma tazararsu an ɗaure ta da tsayin itacen. Rumbun laka na Adar, mai tumbi kamar tulu, shi ma yana da nasa bayani. Katanga mai kewayen mita 12, in aka yi ta mai kusurwa huɗu, filin cikinta murabba'in mita 9 ne. In aka zagaye ta, ya kusa 11 da rabi, ƙarin sama da kashi ɗaya cikin huɗu da laka ɗaya da wahala ɗaya. Girkawa sun san cewa babu siffar da ta kai da'ira ɗaukar fili, amma cikakkiyar hujjar da ba ta da kafa sai a ƙarni na 19 aka same ta. Tabarmin kaba na Madawa kuwa, da ake saƙawa zubi-zubi a ɗinke, adonsu yana maimaita kansa ne a bisa doka. Masana sun tabbatar cewa duk adon da ke tafiya a ɗamara ɗaya yana nanata kansa, iri 7 ne kawai, babu na takwas. Gerdes da abokin aikinsa Gildo Bulafo sun tattara adon jakunkunan sipatsi na matan Inhambane, suka rarraba shi a kan wannan ma'auni a littafin da suka fitar a 1994. Ajin da zai ɗauko tabarmi goma daga kasuwar Madawa ya nemi iri nawa ne a jikinsu, ya shiga ilimin da ake koyarwa a shekarun jami'a ta ƙofar gidansu.

Akwai masu ja, kuma ba da wasa suke ba. Na farko zai ce iya yi daban, sanin dalili daban. Zuma tana gina ɗaki mai kusurwa shida, ba wanda ya ce ta san lissafi. Abin da ya sa lissafi ya zama lissafi shi ne hujja, magini kuwa ba ya kawo hujja, cewa yake haka muka tarar. Wannan magana rabinta gaskiya ce, kuma rabin nan shi ne ya sa ake bukatar malami. A duba yadda ake daidaita ɗaki mai kusurwa huɗu. Magini ya auna daga wannan lungu zuwa wanda ke kallonsa, ya sake auna ɗayan gicciyen, in igiyar ta zo ɗaya ya ce ɗaki ya zauna. Gerdes ya rubuta irin wannan dabara a wajen manoman Mozambik. Amma yaron da aka koya wa tambaya zai gano cewa gicciye biyu na iya zuwa ɗaya alhali bangon gaba ya fi na baya tsawo, ɗakin ya tsuke ta gefe guda. Ashe sharaɗi biyu ne: bangaye masu kallon juna su zo ɗaya, gicciye ma su zo ɗaya. Gwanin magini yana cika duka biyun ko bai faɗa ba, sai dai wanda ya iya faɗa ya kuma iya nuna dalilin ya taka matakin da hannu kaɗai ba ya kaiwa. Wani lokacin ma al'ada kuskure take yi. Tsohuwar hanyar awon gona ita ce a daidaita tsawo biyu, a daidaita faɗi biyu, a ninka. An same ta rubuce a bangon wani ɗakin bauta a Edfu ta Masar tun sama da shekara 2,000. In gonar ta miƙe sosai, awon daidai ne. In ta karkace, ƙari yake yi kullum. Gona mai tsawon mita 100 da gefen mita 60, wadda karkacewa ta sa ainihin faɗinta ya koma 48, za a ce murabba'in mita 6,000 ce alhali 4,800 ce. Wanda ya saya ya biya kuɗin kashi ɗaya cikin biyar na iska, magajin da aka ba ita a rabon gado an ƙware shi ba da niyya ba. Wanda ya fara daga gona shi ne zai ji zafin wannan kuskure har ya nemi dalilinsa.

Ja na biyu ya fi nauyi. Ana cewa wannan hanya, duk kyan niyyarta, za ta iya ƙarewa a ba ɗan birni aljabara da kwamfuta, a bar ɗan ƙauye da tabarma. Tsoron yana da tushe. A Afirka ta Kudu, dokar ilimin baƙar fata ta 1953 an gina ta ne a kan cewa kowane jinsi a koya masa abin da ya dace da matsayin da aka yanka masa, har Hendrik Verwoerd, ministan da ya kawo ta, ya fito fili yana tambayar amfanin koya wa yaron baƙar fata lissafi. Shi ya sa wasu malaman ƙasar suka yi ɗari-ɗari da duk wata magana ta lissafin al'ada. Amsar tana cikin inda Gerdes yake kai ɗalibansa. Daga adon saƙa yake fitar da ƙa'idar Fisagoras, ita ɗin dai da ake tambaya a jarrabawar Maputo da ta Faris da ta Yamai, cewa ɗaki mai mita 3 da mita 4 gicciyensa 5 ne domin 9 da 16 sun ba da 25. Manhaja ba ta ragu ba, ƙofar shiga ce ta sauya. Ma'aunin da za a riƙe mai sauƙi ne: in darasi ya fara a rabin wata ya ƙare a rabin wata, an cuci yaron. In ya fara a can ya ƙare yaron yana iya fitar da faɗin kowace da'ira, ya kuma san dalilin da ya sa ninka igiya sau biyu ke ninka fili sau huɗu, to an ba shi abin da ɗan birnin ma sau da yawa haddarsa kawai ya yi.

Sai maganar harshe, wadda a nan ne aka fi yin gardama da ƙarancin sani. Ana cewa Hausa ba ta da kalmomin lissafi. Malaman zaure da ke raba gado sun daɗe suna aiki da nusufi da sulusi da rubu'i da sudusi da sumuni, suna nemo asalin da zai raba su duka ba karaya, wanda shi ne aikin da ke kayar da yara a lakwal in an zo haɗa ɓangarori. Littafin al-Khwarizmi da ya ba aljabara sunanta, wanda aka rubuta a Bagadaza wajen shekara ta 820, babban kasonsa a kan wasiyya da gado yake, da wani babi a kan awon fili. Ƙasar Hausa kuma ta fitar da nata gwani. Muhammadu ɗan Muhammadu al-Fulani al-Kashinawi, mutumin Katsina, ya rubuta littafi a 1732 a kan hanyoyin cika hatimi mai gidaje mara, irin mai 3 sau 3 da kowane jerinsa ke ba da 15, da mai 5 sau 5 da ke ba da 65. Ya rasu a Alƙahira a 1741 yana baƙon Hasan al-Jabarti, mahaifin shahararren marubucin tarihin Masar. Abin takaici, ɗaliban lissafi da yawa a duniya sun san shi ta littafin Africa Counts na Ba'amurkiya Claudia Zaslavsky na 1973, ɗaliban Madawa, da ba su da nisa da garinsu, ba a gaya musu sunansa. Da Larabci ya rubuta, gaskiya ne, amma daga Larabcin nan Hausa ta ari da'ira da murabba'i, ta haɗa da nata irin su kusurwa da gicciye da kewaye. Abdu Mumuni, ɗan Tasawa, masanin kimiyyar da Jami'ar Yamai ke ɗauke da sunansa, tun 1964 ya kafa hujja a littafinsa kan ilimi a Afirka cewa a koyar da yara da harsunansu. An buɗe makarantar gwaji ta farko da Hausa a Damagaram a 1973, kuma kundin da aka zartar a watan Maris na 2025 ya ayyana Hausa harshen ƙasa, ya bar Faransanci da Ingilishi a matsayin harsunan aiki. Doka dai ba ta rubuta littafin aji. Kuma a Keita da arewacin Buza akwai yaran da Tamashek ko Fulatanci suka tashi da shi, waɗanda hujjar da ta ba Bahaushe haƙƙin farawa da harshensa ita ce ta ba su nasu.

Abin da ya rage shi ne wa zai yi. Jami'o'i ba su cika saka wa irin wannan aiki ba. Malamin lissafi yana samun ƙarin girma ne da maƙalar da mutum ashirin za su karanta a ƙasashen waje, wanda ya ɓata shekara yana zaune da masaƙa kuwa abokan aikinsa sukan ɗauka ya gaza ne. Gerdes ya tsira daga wannan domin ya riƙe ɓangarorin biyu, yana fitar da sabon sakamako ga masana, yana kuma rubuta ƙananan littattafai da Fotugisanci don malaman firamare da yara. Bai jira kuɗi mai yawa ba, kayan bincikensa takarda ce mai gidaje da fensir da ƙafarsa. Ba lallai ne wanda zai yi wannan a Adar ya zo daga Holan ba, hasali ma wanda ya tashi yana jin yadda masaƙa ke kiran kowane ado da sunansa ya riga shi nisa. Tawa tana da jami'a tun 2010, wadda yanzu ake kira da sunan masanin tarihi Djibo Hamani, kuma ɗalibanta da dama daga waɗannan ƙauyuka suka fito. Kira a nan ga malamansu ne, da masu duba makarantu na Madawa da Buza da Keita: a tura ɗalibai gida lokacin hutu da littafin rubutu, su zana adon tabarmi da sunayensa, su rubuta yadda magina ke aza rumbu da kalmomin da suke faɗa, su auna gonaki goma da tsohuwar hanya su sake aunawa da sabuwa, a buga abin da aka samu da Hausa a ƙaramin littafin da mushe zai iya sa wa a aljihu. Kai kuma mai karatu, kafin ka buɗe babi na gaba, share ƙasa ka ɗiga jeri 6 sau 9, ka faɗi layi nawa za ka ja tun ba ka sa yatsa ba, sa'an nan ka zana ka gani.